Darasin ƙari ga 'yan shahada (jarrabawar gama sakandare ta Sudan): wa za a ɗauka, wa za a ce ya jira?

Ustaz Haruna (Gadarif): Assalamu alaikum jama'a. Maganar darasin ƙari na 'yan aji uku na sakandare ce na dawo da ita, don lokaci yana tafiya kuma har yau ba mu tsayar da komai ba. Mun samu aji biyu a wata makaranta ta unguwarmu, shugabanta ya yarda mu shiga daga bayan la'asar zuwa magariba. Malamai huɗu sun ce za su zo: lissafi, Ingilishi, Larabci, sai mai fiziya da kimiya (physics da chemistry). Yaran da suka rubuta suna sun kai 70, aji biyun kuwa ko an matsa ba za su wuce 50 ba.

Amma ba kujera ce babbar damuwata ba. Na yi musu ɗan gwaji, kuma daga littafin aji ɗaya na ɗauko tambayoyin, ban taɓa na aji uku ba. Fiye da rabinsu da aka ce su haɗa rabi da sulusi sai suka rubuta biyu bisa biyar, wato sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Akwai wata yarinya mai ƙoƙari, rubutunta tsaf, ta haddace ƙa'idojin tafadul (wani babi na lissafin aji uku) tas, tana kawo su ba gargada. Da ta iso layin ƙarshe inda za ta ninka salib 3 da salib 2 (wato -3 da -2), sai ta rubuta salib 6 maimakon 6. Duk wahalar da ta sha a sama ta tafi a banza.

Ra'ayina shi ne mu ɗauki waɗanda za su iya kaiwa a watannin da suka rage, mu matsa musu sosai. Sauran mu kira iyayensu mu faɗa musu gaskiya, su bari sai jarrabawa ta gaba, mu buɗe musu ajin tushe ranar Juma'a da Asabar. Na san ba kowa maganar za ta yi wa daɗi ba, shi ya sa na kawo ta nan kafin in faɗa wa kowane uba.

Alhaji Sani (Jidda): Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Ustaz. Mu nan mun zauna da 'yan uwa na Jidda da Makka, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata. Amma ni tambayata, me ya sa za mu ƙuntata wa kanmu da aji biyu? A saya wa yaran wayoyi, a zuba musu darussa. YouTube da Telegram cike suke da malaman shahada, kyauta. Yarana nan haka suka shirya wa Ƙudurat da Tahsili, jarrabawar shiga jami'a ta Saudiyya, ban kai su wurin kowa ba. In aka yi haka na Gadarif da na Sinja da na Kosti duk za su amfana, ba wanda za a ce wa ya jira.

Ustaza Maryam (Madani): Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma Jidda ba a ɗauke wuta. Mu tun da aka fara kai wa tashoshin lantarki hari da jirage marasa matuƙi, na Marawi da sauransu, wuta sai ta ga dama take zuwa. Ku tuna Fabrairun 2024 da layukan waya suka mutu gaba ɗaya, mutane suna bin layi a wurin masu Starlink don kawai su duba ko kuɗi ya shigo Bankak, manhajar banki ta waya. Sannan waya a gidan da ba abinci ba ta daɗewa a hannun yarinya. Ko wanta ya karɓe, ko a sayar a sayi buhun dawa, kuma ba mai ganin laifinsu.

Ko da duk wannan ya gyaru, malamin da ke cikin bidiyo ba zai leƙa littafin yarinyar nan ya ga salib 6 ɗinta ba. Zai ci gaba da bayaninsa, ita kuma ta ci gaba da gyaɗa kai. Yaranka, Alhaji, ba su taɓa rasa shekara ba, bidiyo maimaici ne a wurinsu. Namu rami ne a ƙarƙashinsu, sai mutum ya zauna kusa da su ya gano inda yake.

Alhaji Sani (Jidda): To na ji. Ni dai ba malami ba ne.

Ustaza Maryam (Madani): Amma Ustaz Haruna, kai ma ban bi ka ba duka. Ka auna su da lissafi kaɗai ka yanke musu hukunci. Shahada darussa bakwai ce. Huɗu na dole: Larabci, addini, Ingilishi, lissafi, sai uku na ɓangaren da yaro ya zaɓa. Yaranmu, musamman waɗanda suka yi makarantar allo, Larabci da addini ba sa ba su tsoro. Tarihi da jugrafiya kuwa karatu ne da hadda, yaro zai iya yinsu ko a gona. Abin da ke kashe su shi ne kowa ya nace sai ilmi, wato ɓangaren kimiyya, saboda kowane uba yana son a ce ɗansa dakta ne ko injiniya. Yaron da bai iya kusur (lissafin su rabi da sulusi) ba an ɗora masa lissafin mutakhassisa (na 'yan ilmi) da fiziya da kimiya. Ina zai kai?

Kafin ka ce wa kowa ya jira, ka fara duba nawa ne za su iya tsallakewa in sun koma adabi, ɓangaren su tarihi da jugrafiya, kafin a cike takardar rajista. Lissafin asasiyya, na 'yan adabi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kai ka fi ni sanin cewa ihsa (ƙididdiga) da masfufat (lambobi a jere cikin akwati) da ihtimalat (lissafin yiwuwar faruwar abu) ana iya koya wa yaro su ya kama maki ko tushensa bai da ƙarfi sosai. Hamsin muke nema masa a lissafi, sauran darussan su ɗaga masa nisba, wato jimillar makinsa cikin ɗari.

Ustaz Haruna (Gadarif): Maganarki da ƙamshin gaskiya Ustaza, wasu za su tsira ta nan. Amma ihtimalat ɗin ma ai kusur ne daga farko har ƙarshe. Kuma ke malamar Ingilishi ce, ki faɗa wa jama'a abin da kike gani a naki ajin.

Ustaza Maryam (Madani): Kar ma ka tono wannan. Akwai waɗanda in na ce su rubuta jimla uku game da garinsu, sai su kwafe min tambayar su miƙo. Madani ta faɗa hannun 'yan Da'am (dakarun RSF) a Disambar 2023, sai 11 ga Janairun 2025 sojoji suka dawo da ita. Wanda bai gudu ba shekara guda bai ga alli ba, wanda ya gudu kuma ya tarar makarantun can cike da 'yan gudun hijira irinsa. Ajin da nake koyarwa yanzu bangonsa baƙi ƙirin da hayaƙin girki, rabin bencinan an yi makamashi da su, allon kuma har yanzu da ƙusoshin da aka rataya igiyar shanya. Duk da haka ba na cewa yaro kar ya zauna. Ina koya musu yadda ake rubuta wasiƙa da taƙaita labari da canza jimla, abubuwan da ba sa fashin fitowa, su tsinci abin da za su tsinta.

Gwaggo Asabe (Kasala): Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta min, ni nake faɗa. Ustaz Haruna, kai ɗana ne, zan faɗa maka magana kar ka ji haushi. Ku kuna lissafin yaƙi daga Afrilun 2023. Mu mutanen Rusairis da Damazin namu ya riga naku. A watan Yulin 2022 aka tashe mu, ba mu fita da komai ba sai kayan jikinmu. 'Yata a lokacin ta gama shirin shiga sakandare, an ɗinka mata kayan makaranta ma. Muka zauna a Rabak cikin wata makaranta, tana kwana a aji amma ba ta karatu a cikinsa. Da ƙyar aka samu aka sa ta, sai ga babban yaƙi. Kafin wannan duka ga korona da ta rufe makarantu a 2020.

Yanzu shekarunta ashirin. Ƙannen babanta sun zo min sau ba adadi, wai ga wane yana so, me take jira. Abin da nake kare ta da shi ɗaya ne: ku bari ta zauna shahada. In ka kira ni ka ce ta jira wata shekara, wallahi kafin azumi an ɗaura. Ni ban yi boko ba, ban san salib ba. Amma na san wannan.

Malam Idi (Mai Wurno): Asabe, aure ba abin kunya ba ne, kar mu mai da shi kamar wata musiba a gaban yara. Akwai waɗanda suka zauna shahada daga ɗakin mazansu suka ci.

Gwaggo Asabe (Kasala): Malam, nawa ka sani? Ni waɗanda na sani goyo ne a bayansu.

Malam Idi (Mai Wurno): To, ban musa ba, kaɗan ne. Kuma a kan maganar jira ina bayanki, sai dai ni ta wajen maza nake kallo. Tun da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024 aka datse hanyar Jabal Moya, samarin nan suka san kuɗi da wahala. Wasu sun shiga istinfar, aikin sa-kai na taya soja yaƙi, sun riƙe bindiga, wasu sun tafi haƙar zinariya arewa, wasu suna kan kogi da taru. Wanda ka ga ya dawo ya ce zai zauna a benci, to da ƙyar uwarsa ta lallaso shi. In aka ce masa sai baɗi, ba zai zo ajin Juma'a da Asabar ɗin nan ba Ustaz. Mota zai hau.

Sannan ku duba lokacin da kuka sa. Yanzu kakar riɗi ce, kuma riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye sai ya zube ƙasa. Bayansa ga yankan dawa har cikin sanyi. Kai da kake Gadarif ka fi kowa sani, bayan la'asar yaran talakawa suna gona ko suna kan hanyar dawowa. In kuna son maza ku sa nasu bayan isha. Zauren makarantar allonmu yana da sola, in almajirai sun tashi babu mai amfani da shi. Na bayar, in an samu malamin da zai zo.

Ustaz Haruna (Gadarif): Gwaggo, na ji, kuma maganarki ta yi min nauyi. Amma bari in faɗi abin da ni ma nake gani, don kar a ɗauka rashin tausayi ne. Uba ya ci bashi ya biya kuɗin rajista, ya saya mata takardu, ya hana ta tallan da take taimakon gida da shi wata da watanni. Sakamako ya fito ta faɗi darasi uku. Me zai ce? Zai ce na yi nawa, kai ne babu. Daga ranar an rufe maganar boko a gidan, har ƙannenta sai abin ya shafa. Ita kuma ta tafi da cewa ita daƙiƙiya ce, alhali ba a koya mata ba ne. Wanda ya jira yana da sauran dama a idon ubansa. Wanda ya faɗi, a gidajenmu, ba kasafai ake ba shi ta biyu ba.

Usman (Bur Sudan): Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a tambaye ni ba. Duk wannan faɗan a kan takardar da ni ina da ita, da ta jami'a a kanta, kuma raksha, babur mai ƙafa uku na haya, nake ja. Jami'o'in ma da yawansu suna gudun hijira, wannan tana karatu a intanet, waccan ta ari ɗaki a wani gari. Kuɗin da mutanen Jidda za su tara, da an saya wa samari goma kayan gyaran sola ko na walda, da kafin shekara suna ciyar da gidajensu. Yanzu a ƙasar nan wanda ya iya haɗa sola ya fi mai digiri cin abinci.

Kuma akwai abin da ba ku faɗa. Jarrabawar nan a wuraren da ke hannun soja ake yinta. 'Yan uwanmu na Nyala da Jinaina da sauran Darfur da wani ɓangare na Kurdufan fa? Kwamitin malamai ma ya yi ta faɗa tun kafin ta Disambar 2024 cewa yin ta a rabin ƙasa raba yara ne gida biyu. UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa makaranta a shekarar farko ta yaƙin. Mu muna nan muna gardama a kan 70.

Musa, mai kula da zaure: Usman, miliyan 19 ba ta hannunmu. 70 ɗin ce a hannunmu. Maganar sana'a kuma a buɗe mata nata zaren, tana da kyau, amma kar ta cinye wannan.

Halima (Kasala): Assalamu alaikum iyayena da malamaina, ku gafarce ni in sa baki. Ni ina cikin 'yan 2023, waɗanda ya kamata mu zauna a watan Yuni na shekarar, sai 28 ga Disambar 2024 muka zauna. Yaya Usman, na san ba a raba aiki a ƙofar jami'a. Amma ko makarantar koyon jinya ko ungozoma ka je, shahada za a fara tambayarka. Ku maza kuna da raksha da zinariya. Mu in babu takardar nan, me muke da shi?

Abin da nake son faɗa wa Ustaz shi ne abin da ya taimake ni, ko zai yi amfani. A shekara da rabin nan na karanta littattafan har na gaji, amma ban san ban iya ba sai da wata malama maƙwabciyarmu ta fara ba mu jarrabawar shekarun baya. Mu biyar ne. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta raba mu nesa da juna, ta ajiye agogo a kan kujera, ta ce ba mai tashi ko shan ruwa sai lokaci ya cika. Ranar farko ban kai rabin takardar kimiya ba, hannuna ya ƙage saboda na daɗe ban yi dogon rubutu ba. Washegari takan dawo mana da takardun da jan biro, kowa ta zauna da ita ita kaɗai. A nan na gane tambayoyin suna da hanyar da suke bi, kuma na koyi tsallake wadda ta fi ƙarfina in dawo mata daga baya. Cikinmu akwai wadda da Ustaz ya gwada ta a farko, da cewa zai yi ta jira. Ta ci, ba da nisba mai yawa ba, amma ta ci.

Ustaz Haruna (Gadarif): Allah ya yi miki albarka Halima. Amma ki lura, ku kun gama aji ɗaya da aji biyu lafiya, kun kusa gama aji uku kafin yaƙi. Mantuwa ce ta same ku, ita kuwa mantuwa ana tuno ta. Waɗannan na yanzu ba su taɓa koyon abin ba. An haɗa musu shekaru an gajarta, an ɗaga su daga aji zuwa aji don kar a yi cunkoso. Ciwon ba ɗaya ba ne.

Halima (Kasala): Haka ne Ustaz. Amma gwaji ɗaya ka yi musu, a rana ɗaya. Wasu tsoro ne ma.

Bashir (Kosti): Salam. Ni ɗalibi ne, daga Wad al-Mahi muka taso a Oktoban 2022. Ina karanta duk abin da kuke rubutawa, amma ni matsalata ba ta kai ga salib ba tukuna. Ba ni da takardar gama asas, karatun kafin sakandare, ta ƙone da gidanmu. Makarantar da na yi aji ɗaya ba wanda ya san inda rajistarta take. Na je wani ofishi aka ce in kawo rakam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, na je neman rakam waɗani aka ce in zo da babana ko ɗan uwansa na jini da takardunsa. Babana ya rasu, kawuna yana Damazin, kuɗin mota babu. Jarrabawar Yunin 2025 haka ta wuce ni ina kallo, abokaina suka karɓi lambar zama ni ban samu ba. Mu irin haka a nan mun fi goma waɗanda na sani. Ko kun koya mana lissafin duniya, in ba lambar zama a bakin ƙofa za mu tsaya.

Ustaza Maryam (Madani): Innalillahi. Kun ga abin da muka manta. Kuma kowa a zauren nan ya san yadda ake yi wa mutanenmu tambayar ƙwaƙwaf a wajen takardun ɗan ƙasa, ko kakan kakanka a nan aka binne shi.

Malam Idi (Mai Wurno): Garin nan da nake zaune mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, ɗansa Mai Wurno ya jagorance su. Shekara fiye da ɗari ke nan, amma har yau sai an nemi mai shaida. Bashir, turo min sunan kawunka da unguwarsu ta akwatin sirri. Muna da dattawa a Damazin da Kosti da suka saba tsayawa a irin wannan. Ka haɗa min sunayen sauran ma, kowa da abin da ya rasa. Wannan aikin tsofaffi ne, ba na yara ba, yaro shi kaɗai ba a sauraronsa a ofis.

Alhaji Sani (Jidda): Kuɗin motar kawun Bashir a kaina. To yanzu in ba waya, me za a yi da abin da muka tara? Ku faɗa min dalla-dalla, don mutanen nan za su tambaye ni. Yawancinsu ba masu kuɗi ba ne, direbobi ne da masu gadi da masu aikin otal a lokacin Umra, ga kuɗin sabunta iƙama, takardar izinin zama, a wuyansu.

Ustaz Haruna (Gadarif): Na farko alawus ɗin malamai. Na biyu hoton takardu, don littafi ɗaya yara biyar ke rabawa. Na uku fitilun sola ƙanana da yaro zai tafi da su gida. In da saura, kuɗin rajistar marayu.

Alhaji Sani (Jidda): Alawus kuma? Ni na ɗauka malaman fisabilillahi za su yi. Haka na faɗa wa jama'a, cewa su sun ba da lokacinsu mu mu ba da kaya.

Ustaz Haruna (Gadarif): Alhaji, ni ban nemi ko sisi ba, ka cire sunana. Amma mai fiziyar nan da nake faɗa maka, bayan an tashi makaranta a kasuwa yake tsayawa yana sayar da albasa. In ya zo ajinmu ranar bai kai cefane gida ba.

Ustaza Maryam (Madani): Kar ka cire sunan kowa. Alhaji, malaman jihohi da yawa sun yi watanni ba albashi tun da yaƙin ya fara, kuma abin da ake biya yanzu, da yadda kuɗinmu ya karye, ba ya kai mako biyu. Malamin fisabilillahi zai zo sati uku da zuciya ɗaya, a na huɗu wani mai hali ya kira shi ya koya wa ɗansa a gida da kuɗi, kuma ba za ka iya cewa ya yi laifi ba. Sai yaran su zo su zauna suna kallon ƙofa. In ana son abin ya kai ranar jarrabawa a biya su, ko kaɗan ne, amma ya zama a kan lokaci. Kuma a rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, malami da ɗalibi duka, a turo nan duk ƙarshen wata kowa ya gani.

Alhaji Sani (Jidda): Ustaz kar ka ɗauke ta da zafi, tambaya na yi. In za a riƙa turo lissafi a fili ba ni da matsala, zan koma in yi musu bayani. Sai dai wasu za su ce me ya sa Gadarif kaɗai, alhali su 'yan Sinnar ne ko Damazin.

Musa, mai kula da zaure: Sai a ce musu Gadarif ce ta kawo aji da malamai. Mai Wurno ta kawo zaure, saura malami. Duk garin da ya kawo nasa a raba da shi.

Usman (Bur Sudan): Ni dai har yanzu ina kan bakana, amma ina da abokin da ke da injin hoton takardu, zan tambaye shi farashin ɗari-ɗari. Kuma ina da jarrabawar shekarun baya na lissafi da kimiya a waya, zan turo wa Ustaz.

Gwaggo Asabe (Kasala): Duk na ji, amma ba a amsa min ba. Za a ce wa yara su jira ko ba za a ce ba?

Ustaz Haruna (Gadarif): Gwaggo, ga abin da zan iya yarda da shi. Ba zan kori kowa ba, 70 ɗin duka su zo. Mata bayan la'asar, maza bayan isha in shugaban makaranta ya yarda, haka kujeru ma za su isa. Wata guda na farko ba za mu taɓa littafin aji uku ba a lissafi, kusur da salib da mu'adala (lissafin nemo x) kawai za mu yi, kowa da kowa. Duk Asabar jarrabawa da agogo irin ta su Halima. Bayan wata guda in sake gwada su. Wanda ya motsa ya ci gaba, wanda adabi za ta fisshe shi mu ba shi shawara ya koma.

Amma wanda bai motsa ba ko kaɗan, in ubansa ya zo ya tambaye ni tsakani da Allah ko zai ci, ba zan ce masa zai ci ba. Wannan kar a nema a wurina.

Gwaggo Asabe (Kasala): Ba a ce ka yi ƙarya ba. In mace ce, ka fara kiran uwarta kafin ubanta, mu san yadda za mu tare gidan. Kuma kar ka ce ta jira. Ka ce tana buƙatar ƙari.

Ustaz Haruna (Gadarif): Uwa kafin uba, na karɓa. Ɗayar kuma sai na ga yarinyar.

Ustaza Maryam (Madani): Saura wa zai faɗa wa iyaye maganar komawa adabi. Ni na gwada a nan, wani uba ya ce min in ɗansa ba zai yi likita ba gara ya koma gona, wai adabi karatun ragwaye ne. Na lissafa masa shari'a da tattalin arziki da koyarwa da harsuna, ko kallona bai yi ba.

Malam Idi (Mai Wurno): Wannan ku bar wa limamai da masu unguwa, a faɗe ta a masallaci kafin a faɗe ta a gida, don kar uba ya ji kamar ɗansa kaɗai aka ware. Na Mai Wurno ni zan yi. Na Gadarif Ustaz ya samu limaminsu ranar Juma'a. Sai dai akwai wani ɗan uwana a nan da tun ranar suna yake kiran ɗansa Dakta, shi kam ku nemo wani ya je, ni ba zan iya ba.

Musa, mai kula da zaure: Bashir, sunayen nan kafin Alhamis. Usman, farashin takardu. Alhaji, in kun gama magana da mutanen Makka ka sanar da mu adadin da za a dogara da shi duk wata, don Ustaz ya san abin da zai faɗa wa malamai. Wanda ya san malamin lissafi ko Ingilishi a Sinnar ko Mai Wurno da zai iya fita bayan isha, ya yi wa Malam Idi magana kai tsaye.